Bandir Guda

A Wad Madani, bayan kasuwar hatsi,
shekara tara ina auna yadi
a kantin Hawaja Nissim.
Ya san tarina, na san takunsa.

Da damina bandir guda ya yi ƙafa.
A gaban masu ciniki ya dube ni:
"Haladu, hannunka ya yi tsawo."
Ban ce uffan ba.
Kwana shida, aka tsinci bandir
bayan buhunan auduga.
Shi ma bai ce uffan ba.
Muka ci gaba da awo,
shiru ya yi zaman dirshan tsakaninmu.

Jiya, hantsi bai dubi ludayi ba,
sai ga shi a ƙofar gidana,
farar riga a ƙunshe, takalmin zane a hammata.
Na shimfiɗa tabarma, ya ƙi zama.

Ya ce, "Jirgin Hartum zan bi,
a nan ba mu cika goma ba.
Rana na faɗuwa Kippur ya shiga.
Ba ci, ba sha, ba takalmin fata,
sai taurarin gobe sun fito.
Abin da ke tsakanina da Ubangiji,
azumi zai kai kukana.
Abin da ke tsakanina da kai,
sai na tako da ƙafata."

Na dubi ƙasa.
Tururuwa na jan ƙwayar dawa.
Na ce, "A gaban mutane ka faɗa."
Ya ce, "Kira su."

Na kira Tijjani mai shayi,
da tela, da yara biyu 'yan kallo.
Ya faɗa, muryarsa na rawa.
Ya sake faɗa.
Kalma biyu ce, "na yafe,"
amma sai da na ji jiniyar jirgi
ta fito daga bakina.

Yau kanti a garƙame.
Na zauna bakin Nilu har magariba
ina lissafa masa ƙishirwa.
Ya ce ƙahon rago ake busawa
kafin a rufe ƙofa.
Wace ƙofa, ban tambaya ba.

Ina alwala na tuna Sallau,
wana da ke Maiwurno,
da iyakar gonar nan, taku huɗu,
da ta ci mana gaisuwar shekara bakwai.

Ban ce zan je ba.
Na dai biya ta tasha,
na tambayi kuɗin mota.