Abin da Fata Ta Haddace

Sagir, kashe injin nan, zo ka ga hannuna.
Ban yi boko mai nisa ba,
amma ga takardun shaidata, a fata aka buga su,
wuta da ƙarfe ne suka sa hannu.

Wannan farin da ke bayan yatsu
na janareto ne, shekarar da na kafa rumfa a Panteka.
Ana kallon ƙwallo, mai ya kusa ƙarewa,
na ce kashe shi ɓata lokaci ne,
na kafa masa galan yana ruri.
Ban ji ƙara ba. Haske kawai na gani,
sai ƙaurin gashin girata.
Tun ranar, ko wasan ƙarshe ake bugawa,
sai inji ya huce kafin ya sha.

Na ƙwauri kuwa, lambatun Kabala ne.
Ruwan Agusta ya haɗe titi da kwata,
suka zama abu ɗaya, ja kamar shayi.
Na ce ai unguwarmu ce, ko ido rufe na san ta.
Ashe wani ya ɗauke murfin da daddare
ya kai wa 'yan jari-bola.
Ɗinki bakwai. Takalmina ɗaya ya bi kogi.
Ruwan da ba ka ga gindinsa ba,
bari sanda ta riga ka gaishe shi.

Dutsen guga bai taɓa ni ba, katifa ya ci.
An ɗauke wuta, Saudatu ta bar shi a jone ta tafi cefane,
wuta ta dawo ba sallama, yadda ta saba.
Bitrus na ɗakin kusa ya ɓalle ƙofa da taɓarya.
Har yau in mun haɗu sai ya ce, “Maigida, an zare?”
Mu yi dariya. Amma fa an zare ɗin.

Akwai wanda ba zan iya nuna maka ba,
don ba a jikina yake ba.

Kalanzir na zuba a gorar lemo,
na tura ƙarƙashin benci, na ce na minti biyu ne.
Barira tana da shekara biyu da rabi,
duk abin da ke gora, a wurinta zaƙi ne.
Tarinta na fara ji.
Gida ya cika, kowa ya zama likita:
wannan ya ce manja, wancan ya ce madara,
wata ta ce a sa mata yatsa ta amayar.
Na saɓe ta a kafaɗa na tare mai keke,
ina ƙirga numfashinta daga Tudun Wada har asibiti,
kowace danja shekara guda.
Wata nas mai furfura ta ce, “An sa ta amai?”
Na ce a'a. Ta ce, “Gode wa Allah,
aman ne ke kai shi huhu.”
Sannan ta dube ni, ba faɗa, ba tsawa,
ta ce, “Wa ya zuba a gorar?”
Da ma mari ta yi min.

Kwana huɗu muka yi.
Yanzu tana aji uku, ita ke gyara min lissafi,
ba ta tuna komai.
Ni ke tuna mana, mu biyu.

Saboda haka in ka ga na taka kujera
ina ɗora kwalba can saman kanta,
ko na kai bakin titi na juyo don in leƙa soket,
kar ka ce oga ya tsufa, tsoro ya shige shi.
Ƙaddara gaskiya ce, ban musa ba,
sai dai na lura ba ta wuce ƙofar
da aka ce “minti biyu ne”.

To, koma kan waldarka.
Tsaya. Ina tabarau?
A goshi na gan shi.
Da goshi kake gani?
Sauke shi, yaro.
Fata tana yin tabo ta warke,
ido ba ya ba da bashi.