Gwiwar Hagu

A Tsetserleg, shekarar da kogin Tamir ya ci gada,
na kayar da mutum biyar kafin rana ta karkata.
Na shida bai kayar da ni ba.
Har gobe ina kan bakana:
Luvsandorj bai kayar da ni ba.
Ya dai fizge ni hagu, na kafa diddige a ciyawa,
sai na ji ƙas! kamar an taka busasshen reshe.
Kafin in waiga in ga wanda ya taka,
gwiwata ta riga ni gaida ƙasa.

A kokawarmu, gwiwa in ta taɓa ƙasa an gama magana.
Shi ya ware hannuwa yana rawar gaggafa,
ni aka loda ni a motar ulu
ina kallon gwiwar tana tashi kamar ƙullun da ya kwana.

Shekara talatin da ɗaya ke nan.
Daga hagu ake hawan doki,
ni sai na nemi kututture,
yara su kau da kai don kunya.

Ga jikana Zorigt, goma sha bakwai,
cinya kamar gungumen da ruwa ya kawo.
Yana saɓa maraƙi a wuya ya haura tudu yana fito.
In na dube shi sai in ga kaina
tun kafin wancan ƙas ɗin.

Sarangerel ta zo hutu daga Ulanbator,
'yata, mai koya wa karyayyu tafiya a asibiti.
Ba ta taɓa damtsensa ba, ba ta yaba wuyansa ba.
Ta ja layi da toka a ƙofar tanti, ta ce,
"Tsalle da ƙafa ɗaya. Ka dira, ka tsaya cak."

Dama ta tashi ta dira kamar turke.
Hagu ta tashi, ta gaza da taƙi biyu,
gwiwar ta lanƙwaso ciki kamar tana neman 'yar'uwarta,
hannuwansa suna iyo a iska.
Ya yi dariya. Ita ba ta yi ba.

"Bana ba zai shiga fili ba."
Na dangwarar da kwanon shayi har madara ta fantsama.
Na ce, "Yaron nan ƙarfi gare shi!"
Ta ce, "Kai ma ƙarfi gare ka, Baba."

Daren nan ban runtsa ba.
Gwiwar ta yi ta zugi, alamar hadari na tafe,
ita da ba ta iya riƙe ni ba
ta ƙware wajen faɗin gobe.
Na tuna duk ɗaukar da na yi, a kan dama na yi ta,
duk juyi, duk turjiya.
Na ciyar da ɗaya kamar ingarma,
ɗayar na bar ta tana bin mu a baya,
ranar biyan bashi kuwa ita aka tare.

Da asuba na tashe shi, muka gangara kogi.
Akwai wani dutse mai santsi, faɗinsa bai fi faranti ba.
"Hau da hagu. Rufe ido. Ƙirga."
A tara ya faɗa ruwa.
Washegari, sha ɗaya.
Yatsun ƙafarsa suna lalube kamar makaho a baƙon ɗaki,
idon sawun yana ɓari, yana koyon abin da cinya ba ta sani ba.

Yau ake buɗe fili.
Daga nan muna jin lasifika tana kiran sunaye
a hayin kwari, iska na yanke rabinsu.
Kwana shida bai ce mini uffan ba.
Yana kan dutsen, ido rufe, haƙora a cije,
arba'in da uku, arba'in da huɗu,
ni ina zaune a bakin ruwa na miƙe ƙafar,
takalmansa a cinyata,
ina ƙirgawa a zuci tare da shi.