Zagaye na Goma Sha Uku

Ƙuri'a ta ba ni na goma cikin mutum goma.
Jazuli ya yi dariya har shayi ya zube masa a jallabiya,
ya ce, "Hambali, je ka yi barci,
kafin layi ya iso kanka an tsame naman miya."

Muna saman bene a Karantina, Jidda ta ƙi hucewa,
iskar teku ta manne mana a wuya da gishirinta.
Wayoyi goma na haske a tafin hannu.
Kowa zai haɗa ƙungiyarsa ta cikin waya,
sunan da aka ɗauka ya ɗauku,
babu ara, babu roƙo.

Zagayen farko duk ihu ne.
Masu cin ƙwallo, masu hoto a jikin allon talla,
aka wawashe su kamar buhun shinkafar sadaka.
Na ɗauki abin da ya rage, ban ce uffan ba.

Ni a Haraj nake nema,
tsofaffin firji, da injin sanyaya ɗaki da masu shi suka gaji da shi.
Ba na kallon fenti.
Kunne nake karawa a bayan ƙarfe
in ji ko zuciyar na bugawa daidai.
Wanda ya lotse a gefe, riyal tamanin,
yakan yi shekara bakwai yana ƙanƙara.

Sha biyun dare ta gota.
Mudassir ya fara hamma, Ukasha na danna suna ido rabi a rufe,
an bar wa waya ta zaɓa wa Tukur, ya sauka neman ful da tamis.
A nan kasuwata ke ci.
Na zaro takardar da na cika a bayan rasit:

wani mai tsaron baya, shekara talatin da huɗu,
an ce gwiwarsa ta gama aiki,
amma duk bugun kusurwa shi ake nema da kai;
wani yaro a benci, babu mai iya faɗin sunansa,
wanda ke gabansa kuwa na ga yana ɗingishi
a minti na tamanin, ranar da kowa ya tashi kafin a busa;
da golan ƙaramar ƙungiya, da ake yi wa ruwan ƙwallo,
shi ko kullum yana kaɗewa, kowace kaɗewa maki ce.

"Wane ne kuma wannan?" in ji Jazuli.
Na ce, ba a san maci tuwo ba.
Ya ƙarasa mini sauran da tsaki.

Ban gaya masa ba,
shekara ashirin da ta wuce, a gindin gadar nan ta kudu,
mu goma sha ɗaya muke tsaye da asuba muna jiran mai ɗaukar lebura.
Motar ta kwashi ƙarfafa, ta bar ni da siraran hannuwana.
Wani tsoho mai gyaran firji, Allah ya jiƙan Baba Sammani,
ya dube ni ya ce, "Kai, kana jin ƙarar nan?"
Na ce, fanka ce ke gogar waya.
Ya ce, "Hau."

Yanzu mako na tara.
Tsohon nawa ya ci biyu da ka.
Golan na nan, ana dukansa yana tara mini.
Yaron benci har yau bai cire rigar sanyi ba,
mai ɗingishin ya warke sarai, kamar da gayya.
Ina na huɗu. Jazuli na shida, ya daina gaishe ni da dariya.

Jiya ya aiko da saƙo, wai in sayar masa da tsohon.
Na ce ya zo shago gobe bayan la'asar,
ya fara koyon kara kunne.
Yaron kuwa ba zan sake shi ba tukuna.