Maigidan Kaina

Takardar ta zo ranar Talata,
ƙarshen Janairu, ƙanƙara ta daskare a bakin ƙofa.
Farin ambulan, sunana a karkace,
Harisu ya koma Harris,
can a kusurwa lamba huɗu: 1099.

Na kai wa Malam Tasi'u,
mai cike takardun haraji a titin Webster,
teburinsa na bayan shagon aika kuɗi gida,
tsakanin buhun gari da jarkar manja.
Ya gyara tabarau, ya duba, ya ce,
"Barka, ashe kai kamfani ne."
Na yi dariya. Shi bai yi ba.

"A wajensu kai ba ma'aikaci ba ne,
ɗan kwangila ne mai cin gashin kansa.
Ba su cire maka ko sisi ba duk shekara,
yanzu gwamnati na jiranka.
Akwai kason yaro, akwai kason maigida,
kuma duka biyun kai ne."

To, in ni ne maigidan,
wa ke ce min bi hagu, bi dama,
ka makara da minti uku?
Wa ya yanke ladan hawa bene biyar
da shinkafar wani tana huci a gadon bayana?
Wa ke ƙirga min taurari
kamar shi ya rataye su a sama?
Wa ya rufe ni kwana tara a watan Yuli
don wata ta ce miyarta ta zube,
ba a ji ta bakina ba,
ba fuskar da zan kalla in rantse,
sai saƙo, mai ladabi, mai sanyi kamar ƙarfe?

An naɗa min rawani, an hana ni gari.

A Disamba keke ya zame da ni gaban tashar jirgin ƙasa.
Gwiwa ta kumbura kamar tulu.
Mako uku ina kallon silin,
wayar na gefe, ta yi gum.
Ranar da na miƙe ta ce, barka da dawowa,
akwai oda kusa da kai.

Kubura, maƙwabciyata, tana wankin zannuwa a asibiti.
Takardarta daban, W-2 ake ce mata.
Ana yankar nata tun daga tushe,
in ta kwanta ciwo albashi bai kwanta ba,
in bazara ta ƙarato har canji ake maido mata.
Ba hassada nake ba.
Gumi dai ɗaya ne, gishirinsa ɗaya,
takarda ce ta raba mana suna.

A garinmu, wanda ya ci ladan kuturu
shi ke masa aski.
A nan an ci ladan, an miƙo min askar,
an ce ai kan naka ne.

Malam Tasi'u ya ce, "Ina rasit?"
Na zazzage gwangwanin madara a teburinsa:
batirin keke, taya biyu, birki,
safar hannu, kuɗin waya,
wasu sun jiƙe, tawadar ta gudu.
Ya jera su ɗaya ɗaya yana latsa na'ura,
kamar mai tsintar tsakuwa a cikin wake.
Abin ya ragu. Bai ƙare ba.
Ya rubuta sauran a ƙaramar takarda,
ya juyo min ita, bai furta ba.
Ya ce, "Kafin sha biyar ga Afrilu.
Kuma ranar Alhamis masu keke na taro a ginshiƙin masallaci,
wata lauya za ta zo. Ka je."

Na fito, Bronx ta fara kunna fitilu.
Na tsaya na ce wa kaina,
ranka ya daɗe, yaronka ya gaji,
a ba shi hutun yau.
Maigida ya yi shiru, yana lissafin haya.

Wayar ta yi ƙara a aljihu.
Mu biyun muka hau keke ɗaya.