Teburin Tsakiya

Bakwai da rabi na buɗe ofis a Sinnar.
Fanka ta juya sau uku ta tsaya, an ɗauke wuta.
Ni ne Ɗalhatu, mataimaki a sashen ban ruwa,
mai hatimin da ba ya buɗe ko ƙaramar magudana
sai wani hatimin ya hau kansa.

A samana akwai Ustaz Mu'awiya.
Ban cika ganinsa ba, muryarsa nake karantawa
da jan biro a gefen takarda:
"A gaggauta." "Me ya sa?" "Kafin Alhamis."
Shi ma, in ji masinja, idan Hartum ta bugo waya
sai ya miƙe tsaye kafin ya amsa.

A ƙasana mutum goma sha ɗaya,
wata biyu albashi shiru.
Na san wanda matarsa ke daf da haihuwa,
na san Zakariyya da ke jan raksha har asuba
ya zo da ido ja kamar gauta.
Da wane baki zan ce masa ya makara?
Na faɗa. Aikina ke nan.
Daga baya na sulale gindin darbejiya
na biya bashin shayinsa wajen Hajja Batula,
na ce kada ta gaya masa.

Na sama sun ce na cika sanyi,
na ƙasa sun ce na zama karen farautar manya.
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi,
ni kuwa har yau ban ga gardin ba.

Wajen azahar wani tsoho ya shigo daga Mai Wurno,
rawaninsa duk zufa.
Bai zauna ba. Ya kwance ƙyalle
ya ajiye mini hogen ƙasa a kan tebur,
busasshe, ya tsattsage kamar faso.
Ya ce, "Dawata tana gaishe ka."

Me zan ce?
Cewa laka ta toshe magudana, na sani?
Cewa injin yasa yana nan, man ne babu?
Cewa na rubuta sau huɗu,
kuma takardun huɗu suna barci a aljihun tebur ɗaya
a hawa na biyu?
Na ce, "Baba, ana kan duba lamarin."
Kalmar ta fito da ɗaci
kamar na tauna ganyen darbejiyar nan.

Likita ya auna jinina ya girgiza kai,
wai in rage tunani.
A sallar la'asar na rasa raka'a ta nawa nake,
litar man dizal nake lissafi.
'Yata Nusaiba ta ce, "Abba, ko cikin barci
hannunka sa hannu yake yi a iska."

Yanzu kowa ya tashi.
Ta taga ina hango Nilu yana wucewa cike,
bai nemi izinin kowa ba.
Takarda ta biyar tana gabana,
hogen ƙasa ya danne ta kada iska ta ɗauka.
Saura kurɓi ɗaya a kofina.
Na tsiyaya masa.
Ya shanye nan take, da ɗan sauti.

Duk yinin yau,
wannan ne ruwan da na saki
ba tare da sa hannun kowa ba.