Tsakanin Ƙugiya Biyu

Ranar Laraba a Yelwan Yawuri,
fankar ajinmu ta mutu tun bara,
hayaƙin banda na shigowa ta taga
daga bakin kogi, inda mata ke jera tarwaɗa a kan waya.

Na zana ƙugiya biyu a allo, ɗaya nan, ɗaya can.
Na ce, yara, maganar da mutum ya yi da bakinsa
tsakanin waɗannan Turanci ke rataye ta,
ɗanya sharaf, tana wutsil-wutsil, ruwa na ɗiga.
In kuwa kai ne za ka kai ta gaba,
zare ƙugiyoyin, ka kanga ta a wuta.
"Ni" ya koma "shi", "nan" ya koma "can",
"yau" ta zama "ran nan",
"gobe" ta zama "washegari",
aikatau kuwa ya ja da baya taki ɗaya
kamar yaro ya ba dattijo hanya.
Banda ke nan. Ta fi jure tafiya,
sai dai ba ta motsi.

Luba ta ce ashe Bature ma masunci ne.
Aka yi dariya har mai gadi ya leƙo.

Na ce kowa ya kamo mini magana ɗaya a gida,
ya sa ta Turanci, sannan ya ruwaito.
Suka kawo: faɗan uwa kan kuɗin gishiri,
kirarin direban kwalekwale,
wata kaka da ta rantse ba ta ƙara shan maganin asibiti.
Jar birona ta yi ta kiwo har bayan isha.

Sai littafin Arzika, mai zaman layin baya,
wanda ba ya ɗaga hannu ko da ya sani.
A sama ya fara rubuta ta yadda ta fito:
"Ni ka dawowa gobe, ka shanya mini birgi."
Ƙasa kuma aiki tsaf, ba kankara:
ƙugiya ta fita, "ni" ya koma "shi",
aikatau ya ja baya yadda na koya,
amma "gobe" tana nan daram,
kamar turken da ambaliya ta manta.

Da safe na kira shi. Ka san doka?
Ya ce ya sani.
To me ya hana?

Ya dubi yatsun ƙafarsa, ya ce,
"Malam, baba na ne.
Ya bi jirgi yamma da kogi neman ruwa mai kifi,
damina uku ke nan.
In na ce washegari, ai ranar ta zo ta wuce.
Gobe kuwa ba ta zo ba tukuna."

Shekara goma sha tara ina cin alli,
ban taɓa jin nauyin biro irin na ranar ba.
Masu jarrabawa ba su san babansa ba,
ba su san birgin da ake shanyawa kowace asuba ba.
Za su zagaye kalmar da ja, su wuce.

Na ce, zauna. Akwai wata ƙofa a dokar,
ban kai ku wurin ba, sai zango mai zuwa:
abin da har yanzu gaskiya ne,
kamar rana na fitowa gabas, kamar Kwara na gangarawa,
ba dole a ja shi baya ba.

Ya ce, to nasa yana ciki?

Yau da na ba matata labari,
na ji bakina yana cewa
ya tambaye ni ko nasa yana ciki.
Na riga na zare masa ƙugiya,
na kanga shi a wuta, ni ma.

Makin dai ban rubuta ba.
Littafin na nan kan tebur, a buɗe.
Na ce masa ya zo ya karɓa gobe.