Hannun Hagu

Rana ba ta gama leƙo Tafkin Titikaka ba
na ɗora Nayra a kwalekwalen kara.
Shekararta huɗu, hularta ja,
ta ƙi taɓa dankalin da na dafa.

"Kaka, da zafi?"
A'a ta zo mini har bakin harshe.
Amma ni ma an yi mini wannan ƙaryar ina yaro,
ga furfura, har yau farar riga na faɗar mini da gaba.
Na ce, "Da zafi. Kamar tsinin karan nan
da kika taka ba takalmi."

A asibitin Puno benci sanyi ƙalau.
Wani yaro ya tsala ihu daga ciki,
ta cusa kai cikin bargona.
Malama Eulalia ba ta ɓoye allurar ba,
cewa ta yi, "Dama ko hagu?"
Nayra ta yi dogon nazari kamar mai cinikin jaki.
Hagu.

Na rungume ta, ƙirji da ƙirji,
na tsinko ulu daga bakin hularta
na aza a tafina.
"Hura shi ya kai ƙofa."
Ta hura, ya tashi, ya dawo.
Ta cika kumatu ta sake.
Sai "wayyo", sai hawaye.
Ban ce ta yi shiru ba. Kukanta ne.

Muna tsakiyar ruwa ta zaro dankalin, ya huce,
tana ci da dama, hagun na lallaɓe a cinya.
"Kaka," ta ce, baki cike,
"karan ya fi zafi."